Maganin da sai an haska shi yake kashe ƙwayar cuta: zai yi wa gyambon Baba?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu ilimin asibiti da na kimiyya da ke gidan nan ku taimaka min. Mahaifinmu ya daɗe da ciwon suga, yanzu wata biyar ke nan gyambo ya fito masa a tafin ƙafa, daidai gindin babban yatsa. An sha magani har an gaji, na haɗiya da na allura, sau uku ana canzawa. Jiya ni na riƙe masa ƙafar ana wankin ciwon, sai na ga audugar da aka cire ta yi kore-kore mai ratsin shuɗi, ga wani irin wari da ban saba ji ba. Likita ya ce ƙwayar da ke ciki ta daina jin yawancin magungunan da aka saba bayarwa. Da daddare ƙanena ya ce ya ji ana wani bincike a ƙasashen waje, wai sinadari ne mai ƙarfe a cikinsa, in an shafa a ciwo ba ya komai, sai an haska masa fitila sannan ya kashe ƙwayoyin cutar. Da gaske ne? In da gaske ne a ina ake yi? Ko fili ne za mu sayar mu kai shi.

Sista Rabi:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne. Ƙanwata, kar ki sayar da komai tukuna. Wannan koren da kika gani mun san shi a ɗakin wankin ciwo, galibi aikin wata ƙwaya ce da ake kira Pseudomonas, ita ke fitar da wannan launin, kuma tana da taurin kai. Amma ido ba ya yanke hukunci, sai an ɗebi ruwan ciwon an kai lab an ga wace ce, da maganin da har yanzu take ji. An yi wannan? An ɗauki hoton ƙashin ƙafar? Batun fitila kuwa sai Malam Nura ya shigo, fanninsa ne.

Malam Nura:
Allah ya ƙara sauƙi, Maman Ilham. Abin da ƙanenki ya ji gaskiya ne, kuma a gefen wannan fanni nake karatuna. Sai dai zan fara da abin da ba za ki so ji ba: sinadaran nan masu ƙarfe, waɗanda ake kunnawa da haske don kashe bakteriya, yawancinsu har yanzu a ɗakin gwaje-gwaje suke, ana gwada su a kan ƙwayoyin da aka shuka a faranti da kuma kan dabbobi. Ba magani ba ne da aka saba bayarwa a asibitoci, da za ki je ki ce a yi wa Baba. Duk wanda ya ce ki kawo kuɗi yana da shi, ki yi nesa da shi.

Yadda yake aiki kuwa abin sha'awa ne. Abu uku ake haɗawa: sinadarin, haske, da iskar oksijin da ke wurin. Galibi kowanne shi kaɗai ba ya kisa sosai. Sinadarin yana da ƙwayar ƙarfe guda a tsakiya, yawanci rutiniyam, wani lokaci iridiyam ko zinki ko faladiyam, an kewaye ta da wasu zobba. Idan haske mai launin da ya dace ya sauka a kansa sai ya haɗiye ƙarfin hasken, ya miƙa wa oksijin ɗin da ke kusa. Oksijin ɗin da muke shaƙa mai sanyin hali ne, amma da ya karɓi wannan ƙarfi sai ya zama kamar garwashi, duk abin da ya taɓa sai ya ƙone shi: bangon ƙwayar cutar, furotin ɗinta, har abin da ke ɗauke da gadonta. Rayuwar wannan oksijin mai zafi a cikin ruwa ba ta wuce kashi uku zuwa huɗu cikin miliyan na daƙiƙa ɗaya ba, tafiyar da yake yi kafin ya huce ba ta kai tsawon ƙwayar bakteriya guda ba. Shi ya sa ɓarnar take tsayawa inda sinadarin ya manne kuma haske ya kai. A kashe fitila, aikin ya tsaya.

Baba Ɗanjuma:
Yaro, tsaya. Ƙarfe ka ce? A zuba wa mutum ƙarfe a buɗaɗɗen ciwo? Ni ɗan Zamfara ne. A 2010 mun ga abin da dalma ta yi a ƙauyukanmu, yara wajen 400 suka tafi, daga ƙurar dutsen zinare da ake niƙawa a cikin gidaje. Na je gaisuwa gidan da aka rasa yara uku. Tun daga lokacin in na ji an haɗa ƙarfe da jikin ɗan Adam sai gabana ya faɗi.

Malam Nura:
Ranka ya daɗe, tsoronka yana kan hanya, Allah ya jiƙan yaran. Dalma guba ce, babu amfanin da take yi wa jiki ko kaɗan. Amma ƙarfe iri-iri ne, Baba, kuma yadda aka ɗaure shi a cikin sinadari shi ke nuna halinsa. Jinin jikinmu ma da ƙarfe yake ɗaukar iska. Farin man nan da ake shafa wa ƙuna a asibiti azurfa ce a ciki, tun wajen 1968 ake amfani da shi. Maganin farko da ya yi wa ciwon tunjere aiki na gaske, wanda Paul Ehrlich ya fitar a Jamus a 1910, da sinadarin arsenik aka yi shi, wanda kowa ya san guba ne.

Akwai ma labarin da nake son ba ɗalibai. A 1965 wani mai bincike a Jami'ar Jihar Michigan ta Amurka, Barnett Rosenberg, yana son ganin ko lantarki na shafar rabuwar bakteriya. Ya tsoma sandunan filatinam a ruwan da ƙwayoyin ke ciki, sai suka daina rabuwa biyu, suka riƙa miƙewa kamar zare, wasu har ninki 300 na tsawonsu. Ashe ba lantarkin ba ne, filatinam ɗin ne ya ɗan narke ya zama wani sinadari. Shi ne sisfilatin, da aka amince da shi a 1978, yau yana cikin manyan magungunan ciwon daji. Yana da illa ga ƙoda, ba a ɓoye ba. To dabarar haske ta zo ne don rage irin wannan illar: a yi sinadarin da yake kwance cikin duhu, sai inda likita ya haska yake tashi.

Abdullahi daga Gadarif:
Baba, mu nan Sudan shaida ne. Ciwon kala-azar da ke addabar yankinmu, allurar da aka daɗe ana yi masa da antimoni aka haɗa ta, ɗan uwan tozali. Kwana 30 ake yi in ita kaɗai ce, kwana 17 in an haɗa da wata allurar. Tana da zafi, tana wahalarwa, amma na ga yaran da ta tayar bayan ciki ya kumbura an fid da rai.

Baba Ɗanjuma:
To na ji. Amma dai a gwada sosai kafin a kawo mana.

Dakta Hadiza:
Malam Nura, ina tare da kai a bayanin, amma akwai inda zan ja da kai. Ni aikina shuka ƙwayoyin cuta ne a lab, kullum ina ganin takardar sakamako da aka jera magani takwas ko goma, a gaban kowanne an rubuta ƙwayar ba ta ji. Don haka ba wanda ya kai ni son sabuwar hanya. Tambayata ita ce, me ya kai mu ga ƙarfe mai tsada? Kashe ƙwaya da rini da haske tsohon abu ne. A wajen 1900 wani ɗalibi a Munik, Oscar Raab, ya lura rinin akiridin yana kashe wasu ƙananan halittun ruwa in akwai haske, cikin duhu kuwa ba ya yi musu komai sosai. Malaminsa von Tappeiner ya ci gaba da aikin. Penisilin ne da ya zo ya sa aka watsar da hanyar, don me za ka wahala da fitila alhali ga allura.

Kuma yau ɗin nan akwai rinin da ke wannan aiki ba tare da ƙarfe ba: shuɗin metilin, wanda muke rina samfur da shi a lab, tun 1876 aka haɗa shi. Yana karɓar jan haske, wajen nanomita 660 a ma'aunin launin haske. Likitocin haƙori a wasu ƙasashe suna sa shi a dasashi su haska. Babban asibitin Bankuba a Kanada tun 2011 yake shafa wa marasa lafiya shi a hanci kafin tiyata, a haska na 'yan mintoci, don a rage ƙwayoyin da ke ɓuya a hanci su shiga ciwon aiki. Wannan yana hannu, ga araha. Rutiniyam fa? Abin da duniya ke haƙowa a shekara tan 'yan gomomi ne, mafi yawa daga Afirka ta Kudu. Asibitin da ke fama da sayen safar hannu ne zai sayi wannan?

Malam Nura:
Dakta, kin taɓo inda ake ta gardama a fannin kansa. Abin da zan ce: rini yana koɗewa. Ki bar shuɗin metilin ƙarƙashin fitila, yana aiki yana lalacewa, kamar atamfar da aka shanya a rana ta daɗe. Yawancin sinadaran rutiniyam suna jure haske, ƙwaya ɗaya za ta yi ta kunna oksijin sau da yawa ba ta mutu ba. Sannan nauyin ƙarfen da kansa yana taimaka wa sinadarin ya riƙe ƙarfin hasken tsawon lokacin da zai isa ya miƙa wa oksijin. Abin da ya fi jan hankalina kuma shi ne ana iya sauya zobban da ke kewaye da ƙarfen ɗaya bayan ɗaya, kamar tela yana gyara riga: wannan ya sa ya manne wa bakteriya, wancan ya sa ya karɓi wani launin hasken. Kin fi ni sanin cewa irin su Pseudomonas da Acinetobacter suna da bango biyu, kuma bayansu cajin lantarki na negatif ne. Sinadaran rutiniyam da yawa suna ɗauke da cajin fozitif guda biyu, da yake kishiyoyin caji suna jan juna sai su manne musu fiye da yadda suke manne wa ƙwayoyin jikinmu a 'yan mintocin farko.

Batun tsada kuwa, abin da ake shafawa kaɗan ne ƙwarai, kuɗin ƙarfen ba shi zai zama babban nauyi ba. Kuma tun shekarun 1950 Francis Dwyer a Ostareliya ya nuna irin waɗannan sinadarai suna taɓa bakteriya ko babu haske. A 2020 masu bincike na Jami'ar Queensland suka duba sinadarai 906 masu ƙarfe da aka aiko musu daga ko'ina, suka ga kusan kashi 10 cikin 100 suna kashe bakteriya ko naman gwari, alhali a cikin marasa ƙarfe bai kai kashi 1 ba. Rumbu ne da aka daɗe ba a buɗe ba.

Dakta Hadiza:
Shuɗin metilin ma cajin fozitif gare shi, wannan ba fifiko ba ne. Kuma ka tsallake abu ɗaya. Sanannen sinadarin rutiniyam ɗin nan mai ruwan lemo shuɗin haske yake sha, wajen nanomita 450. Shuɗin haske bai fi milimita ɗaya ko biyu yake ratsa nama ba. Ja ne ke shiga da ɗan zurfi, shi ma 'yan milimita ne. Kowa ya gwada: ka ɗora yatsa a kan tocilar waya cikin duhu, ja kawai za ka ga ya fito ta bayan farce, sauran launukan jini da nama sun shanye. Ashe a nan tsohon rinin ya fi.

Malam Nura:
Wannan kam na sallama. Shi ya sa rabin aikin da ake yi yanzu ƙoƙarin ja da sinadaran ne zuwa jan haske. Wasu sun kai. Akwai na faladiyam da Tarayyar Turai ta amince da shi a 2017 don dajin furostet, wato ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, da haske mai nanomita 753 ake kunna shi. Akwai kuma TLD-1433, na rutiniyam, wanda Sherri McFarland ta haɗa, shi ne na farko a irinsa da aka gwada a jikin mutane, a Kanada, don dajin mafitsara. Ana zuba shi cikin mafitsarar, a zura siririyar wayar haske kore a kunna. Duka biyun na daji ne, ba na bakteriya ba, amma sun nuna ana iya sa irin wannan a jikin mutum. A nahiyarmu ma Farfesa Tebello Nyokong ta Jami'ar Rhodes a Afirka ta Kudu ta shafe shekaru tana aiki a kan wasu rina masu zinki da makamantansa a tsakiya, waɗanda ke shan jan haske, kuma zinki ba shi da tsada.

Sista Rabi:
Ku bari in sako baki, don ni ce mai buɗe bandejin. Gyambon mai suga ba faranti ba ne. In ka buɗe za ka tarar da mataccen nama fari-fari ko baƙi a sama, ƙarƙashinsa wani yauƙi da ƙwayoyin suka gina suka shige ciki, wani lokacin ka sa ƙarfen awo ka ga rami ya tafi can ƙarƙashin fata inda ido ba ya gani. Ta ina hasken zai bi? Sannan Malam Nura ka ce sai da oksijin. Ƙafar mai suga matsalarta ke nan, jini ba ya isa, ka taɓa ta ka ji sanyi. Inda jini bai kai ba iska za ta kai?

Malam Nura:
Anti Rabi, wannan tambayar ita ce ta fi kowace nauyi. In babu oksijin, hanyar da na bayyana tana rauni sosai. A nan ne ƙarfe ke da wata dabara ta daban. Ana iya ɗaure magani a jikin ƙarfen, ya zauna a kulle, haske ya zo ya tsinke ɗaurin ya sake shi a wurin. Wannan ba ya buƙatar oksijin. A 2017 ƙungiyar Peter Sadler a Jami'ar Warwick ta Ingila ta ɗaure isoniyazid, maganin tarin fuka, a jikin rutiniyam, suka haska shuɗin haske ya saku ya kashe wata 'yar uwar ƙwayar tarin fuka a gwaji. Wasu kuma suna amfani da ƙarfen manganis ya saki iskar da ke kashe ƙwaya in an haska. Amma mataccen nama da rami, babu sinadarin da zai maye gurbin hannunki. Sai an kankare an share sannan a yi maganar fitila. In kuma ƙwayar ta kai ƙashi ko ta shiga jini, haske ba shi da abin yi a can.

Issoufou Maraɗi:
Salamu alaikum. Ni aikin sola nake yi, ban san likitanci ba. Amma in haske ne matsalar, mu da Allah ya hore wa rana? Ba za a shafa a fita waje ba?

Dakta Hadiza:
Malam Issoufou, tunaninka ba a banza yake ba. A Turai akwai wani ciwon fata da ake shafa wa magani a ce mutum ya zauna a hasken rana awa biyu. A Legas ma an yi gwaji, aka buga a 2015, inda aka kwantar da jarirai masu shawara ƙarƙashin rumfar da ke tace zafin rana da haskenta mai cutarwa, kuma ya yi aiki. Sai dai rana ba ta da ma'auni, ta Maraɗi a watan Afrilu daban da ta damina. Fitilar LED mai batir da sola ta fi dacewa, don an san launinta da ƙarfinta. Wannan ɓangaren ku ne za ku iya haɗa shi a nan gida.

Sani:
To ai shi ke nan, Maman Ilham ta nemi shuɗin nan a kemis ta shafa masa ta haska jar tocila. Me za a jira?

Sista Rabi:
A'a, Sani, don girman Allah kar a yi. Na lab ba a yi shi don ciwo ba, ba a san tsabtarsa ba, ba a san yawan da za a sa ba, kuma tocila ba ta da ƙarfin da ake buƙata. Abin da zai faru shi ne ciwon ya rine, likita ya kasa ganin ko naman yana mutuwa, a ɓata sati biyu. Sati biyu a ƙafar mai suga shi ne tsakanin yatsa da gwiwa. Na karɓi wani dattijo da aka yi wata guda ana barbaɗa masa garin kafso a gida, ranar da aka kawo shi ba mu iya ceton ƙafar ba. Har yau ina tuna yadda ya riƙe hannun ɗansa da aka gaya masa.

Malam Nura:
Ina bayan Anti Rabi. Wannan fannin yana da nasa tarihin ganganci. A 1913 wani likita Bajamushe, Friedrich Meyer-Betz, ya yi wa kansa allurar miligiram 200 na irin waɗannan sinadarai ya fita rana. Fuskarsa da hannunsa suka kumbura, ya yi makonni rana na ƙona shi. Sinadarin ba ya tambaya ko naman waye, duk inda ya taru haske ya same shi zai yi aikinsa.

Baba Ɗanjuma:
Ni abin da ban gane ba, ƙwayar da ta gagari allura, me zai hana ta gagari wannan ma gobe?

Dakta Hadiza:
Baba, maganin da muka saba yana kama ƙwaya ne ta ƙofa ɗaya, in ta sauya makullin ƙofar ta tsira, 'ya'yanta su gada. Wannan kuwa ta ko'ina yake ƙona ta a lokaci guda, sauya makulli ɗaya ba ya isa. Shi ya sa ƙwayar da ta gagari magani goma sau da yawa takan mutu da haske kamar wadda ba ta gagari komai ba. Ba zan ce ba za ta taɓa koyon kariya ba, an ga wasu suna ƙara juriya in ana ba su kaɗan-kaɗan ba a kashe su ba. Kuma abin ya dame mu mu musamman. Ƙididdigar da aka fitar a 2022 ta nuna mutum miliyan 1.27 suka mutu a 2019 kai tsaye saboda ƙwayoyin da suka daina jin magani, kuma Afirka ta Yamma ce ta fi kowane yanki yawan mutuwar in aka auna da yawan jama'a, wajen 27 cikin kowane 100,000. Duk ciwon ƙuna ko gyambon da aka iya tsabtacewa da haske, allura ce aka adana don ranar da ƙwaya ta shiga jini. Inda muka rabu da Malam Nura kawai, ni ina ganin rini mai araha ne zai fara iso mana, shi yana ganin ƙarfe ne zai yi nisa.

Malam Nura:
Ban ƙi rini ya riga iso ba, Dakta. In ya iso, fitilar da aka saya dominsa da nas ɗin da ta koyi aikin su ne za su karɓi na ƙarfen in ya nuna.

Maman Ilham:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Kwana uku ban leƙo ba, muna asibiti. Anti Rabi, na tambaya kamar yadda kika ce. An ɗauki hoto, alhamdulillahi likita ya ce bai ga alamar ta kai ƙashi ba, amma za a sake dubawa. Sakamakon lab ya fito, Pseudomonas ɗin ce, saura magani biyu da take ji, an fara ɗaya ta jijiya. Shekaranjiya an kankare mataccen naman, da na leƙa na ga ja a ƙasan ciwon karo na farko, har da ɗan jini, nas ɗin ta ce haka ake so. Na karanta wa Baba duk abin da kuka rubuta. Ya sa na kashe fitilar ɗaki na ɗora masa yatsa a kan tocilar waya, ya daɗe yana kallon jan. Ya ce a gaida Malam Nura, in an kai ga gwada na gyambo a sanar da gidan nan. Matsalar yanzu ya ƙi zama, sai ya ce zai taka zuwa masallaci.

Sista Rabi:
Alhamdulillahi. Ki gaya masa ni na ce kar ƙafar nan ta taɓa ƙasa, ko zuwa banɗaki ne a riƙe shi ko a samo sanda, ya yi sallarsa a zaune har likita ya ba da izini. A auna sugan safe da yamma a rubuta a takarda. Ranar wanki na gaba ki duba min launin audugar ki faɗa min.